Kiɗan da Aka Ba Matattu

Idan mutum ya ɓoye sunansa don ya cika alkawari, sai wasu suka zo suka cike gurbin da ƙarya, ƙaryar tasu ce ko tasa? Muttaka Yusha'u ya yi sati uku yana juya wannan tambaya, a cikin jirgin ƙasan cikin gari na LRT, a bakin ƙofar makarantar 'yarsa, har a cikin sujada, Allah Ya yafe masa. Bai samu amsa ba. Duk wanda kuma ya ce yana da ita a aljihu, to bai ji labarin daga farko ba ne.

Muttaka ɗan badujala ne a da. Shekara tara ya yi a Kano yana busa turombon a bandin 'yan sanda, wato dogon ƙahon tagullar nan da ake jan hannunsa ana turawa. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa karatun kiɗa. Wani tsohon saje ne ya ba shi littafi marar bango ya ce ya je ya yi ta fama, shi kuwa ya yi ta fama, har ɗigogin da ke kan layuka biyar suka fara yi masa magana. Ya kai yana duban takarda ya ji sautin a kansa ba tare da kowa ya busa ba.

Lokacin da ya nemi auren Bashira, mahaifinta Malam Maitama ya sa aka kira shi soro.

“Ban ji wani abin ƙi a halinka ba,” in ji Malam. “Amma gidan nan ba mu taɓa haɗa zuri'a da maroƙa ba.”

“Allah gafarta Malam, ni ba na roƙo. Ma'aikacin gwamnati ne ni, da kaki da albashi.”

“Kaki riga ce. Wanda ya kumbura kumatu a gaban jama'a, mai busa ne.”

Sharaɗi biyu Malam ya gindaya, a gaban shaidu biyu: kada ƙaho ya sake taɓa bakinsa, kuma kada a sake jin sunansa a wajen kiɗa. Muttaka ya amsa duka biyun, don yana son Bashira fiye da yadda yake son tagulla, ko kuwa haka ya zata a lokacin. Ya ajiye aiki ya buɗe shagon sayar da kayan waya. Bayan shekara huɗu Malam ya rasu, ya tafi da mabuɗin alkawarin.

Bashira malamar kimiyya ce a wata kwaleji. Da ta samu sikolashif na digirin dakta a Kuala Lumpur, Muttaka ya bar shagon a hannun ƙaninsa ya biyo ta da 'yarsu Khaulah, a kan bizar rakiya wadda ba ta yarda mutum ya yi aiki ba. Suka kama fulat a hawa na sha ɗaya a Wangsa Maju. Aikinsa kai yarinya makaranta, cefane, ɗora tukunya. 'Yan Najeriyar da ke unguwar suka sa masa suna Mijin Dakta, ya amsa, don ba shi da wani sunan da ya fi shi a garin.

Wata Talata ya kai kwamfutar Bashira gyara Bukit Bintang. A hawa na uku na wani tsohon ginin kasuwa, tsakanin shagon tela da na mai sayar da agogo, sai ya ji sautin da ya tsayar da shi cak. Turombon ne, amma muryarsa ta fi wadda ya sani tsini da laushi, kamar ƙanwar muryar da ya saba da ita. Ya bi sautin har ƙofar wani ƙaramin kedai, wato shago, cike da lotsattsun ƙahonni. Wani Bamalaye mai furfura yana tsaye a ciki yana busa wani ɗan gajeren turombon.

Muttaka ya tsaya har mutumin ya sauke, sannan bakinsa ya riga shi.

“Hannunka yana wuce wuri kaɗan a sauti na uku.”

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya sake busa wurin, ya janyo hannun baya kamar faɗin ɗan yatsa, sai ya fashe da dariya. Sunansa Tajuddeen, amma kowa Abang Din yake ce masa. Yana gyaran kayan busa, yana kuma koyarwa kwana biyu a sati a wata kwalejin kiɗa. Ƙaramin ƙahon shi ake kira alto. Ya miƙa wa Muttaka.

“Gwada lah.”

Muttaka ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

“Na daina.”

“Haƙori?”

“Alkawari.”

Abang Din bai tambayi komai ba. Ya aika aka kawo teh tarik, shayin madararsu, kofi biyu. Daga ranar ya gajarta masa suna zuwa Taka, shi kuma Muttaka ya fara samun dalilin bi ta Bukit Bintang duk sati.

A wannan shago ya ji kukan da Abang Din yake yi wa kowa. Shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce, Turawa sun ƙaunaci alto, suka rubuta masa abin da ake kira konceto, wato kiɗan da ƙaho ɗaya yake gaba, taron masu goge suna mara masa baya, kashi uku: mai sauri, mai nutsuwa, sai mai sauri kuma. Amma waɗanda suka rage daga wancan zamani ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

“Su ke nan, Taka. Ɗalibaina sun busa su har sun fita daga ransu. Na zamani kuwa, akwai masu kyau, ban ce babu ba, amma wasu kamar cunkoson mota a Jalan Pudu. Ina son irin na da, mai tsabta, wanda ka san inda za shi tun daga ƙofa amma duk da haka ya ba ka mamaki. Masu iya rubuta shi duk suna ƙarƙashin ƙasa.”

Muttaka ya ari takardun tsofaffin nan ya kai gida. Ya kwafe su da hannu ɗigo bayan ɗigo, yadda ya koyi komai a rayuwarsa, har ya gane inda suke juyawa da inda suke jinkiri da gangan. Sannan ya sayi littafi mai layuka biyar da fensir. Daga ƙarfe tara na safe, bayan ya dawo daga kai Khaulah, zuwa azahar, teburin cin abinci nasa ne. Kafin Bashira ta dawo ya share ɓurɓushin fensir ya tura littattafan bayan buhun shinkafa.

Ya yi wa kansa fatawa tun a satin farko. Malam ya ce baki da suna. Bai ce hannu ba. Muttaka ya san fatawar tana ɗingishi, amma ya bar ta ta yi tafiya a haka.

Wata goma sha huɗu ya ɗauka. Kashi na tsakiya, mai nutsuwar, shi ya fi ba shi wuya, har wata rana da la'asar, ruwa yana dukan tagar kicin, ya tuna wani tsoho da yake tallar kananzir a Fagge lokacin yana yaro. Sauti huɗu ne kiran tsohon, na ukun ya ja shi kamar ba zai sake shi ba. Muttaka ya ɗauko su ya rage musu sauri, ya shimfiɗa musu goge a ƙasa. Ya gama rubutawa ya tarar miya ta ƙone.

Ranar da Abang Din ya busa shi karon farko a shago, bai kai ƙarshen kashi na biyu ba ya sauke ƙahon, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

“Watan Maris akwai wasa a kwaleji. Zan sa shi. Yaya ake rubuta sunanka cikakke?”

“Ba za a rubuta ba.”

“Kai, Taka, wata goma sha huɗu!”

“Ka ce ba a san mai shi ba.”

“Ni na san shi. Ga shi nan yana shan shayina kyauta.”

“Abang, ko dai a busa shi babu suna, ko in mayar da shi bayan buhun shinkafa.”

Abang Din ya ɗaga kafaɗa. “Boleh, na yarda. Kiɗanka ne.”

A wurin Muttaka wannan rufin asiri ne kawai, irin wanda mutumin kirki yake yi idan ya ba da sadaka. Bai san cewa a duniyar mutanen nan takarda marar suna ba ta zama a haka ba. Sai an nema mata uba.

Ranar Juma'ar da ta gabaci wasan, ya taya Abang Din ɗaukar akwatin ƙaho zuwa tashar Kampung Baru bayan an sauko daga masallaci. A bakin wani mamak, irin gidan cin abincin nan na gefen titi, suka yi kiciɓis da Abdulwahidu, shugaban ƙungiyar ɗaliban Najeriya na unguwarsu, yana zaune da mutum uku.

“A'a, Mijin Dakta! Biki ake ba a gaya mana ba? Mu je mu yi canjin kuɗin liƙi?”

“Na abokina ne, riƙe masa na yi.”

“Ai na ce. Da na ce Dakta tana can tana fama da lab, oga ya buɗe sana'ar kakanni.” Suka yi dariya, har da buga tebur. “Zo ka yi makan, Malam, ga abinci. Wasa nake.”

Muttaka ya yi dariyar shi ma. Ya ji ta a haƙoransa har ya isa gida.

An yi wasan ranar Asabar da yamma, a zauren kwalejin, mutum kamar ɗari da hamsin. Muttaka ya zauna a layin ƙarshe kusa da ƙofa. Da ya buɗe takardar shirin da aka raba, ya ga an sa kiɗansa tsakanin tsofaffi biyu, an rubuta a ƙasansa: ba a san mawallafi ba, wajen ƙarni na sha takwas. Daga baya aka gane ma'aikaciyar da ta buga takardar ce ta ƙara zamanin da kanta, don ta ga sauran duk suna da shi, ba ta son layi ɗaya ya zauna tsirara.

Ya ji abin da ya rubuta a kan teburin cin abinci yana fitowa daga hannun mutum ashirin. Da aka zo kiran mai kananzir, wata tsohuwa 'yar China a gabansa ta dafe ƙirji. Aka gama aka yi tafi, aka ƙi dainawa, sai da Abang Din ya fito sau uku. Muttaka ya tafa tare da kowa, don wanda bai tafa ba shi ake kallo.

A cikin masu tafin akwai wani farfesa Bature da kwalejin ta gayyato ya duba jarrabawar ɗalibai. Shekara talatin ya yi yana bin tsofaffin takardun kiɗa a coci-coci. Kwana biyu bayan wasan ya rubuta a shafinsa na intanet cewa ya ji abin al'ajabi a Kuala Lumpur, ɓataccen aikin wani gwani da tarihi ya manta. Ya gayyaci Abang Din cin abincin rana a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang. Abang Din ya taho da Muttaka, ya gabatar da shi a matsayin aboki mai sha'awar kiɗa.

Farfesan mutum ne mai fara'a. Ya shimfiɗa kwafin takardar a gefen farantin shinkafa yana bin ta da ɗan yatsa.

“Dubi nan, sauti huɗun nan. Na rantse na taɓa jin irinsu a waƙoƙin cocin ƙauyukan kan dutse. Wannan mutum ya taso a kusa da bagadi.”

Muttaka ya sa cokali a baki ya tauna a hankali.

“Ranka ya daɗe,” ya ce, “da a ce wani mai rai ne ya rubuta fa?”

“Ba zai yiwu ba.”

“Da a ce.”

Farfesan ya yi murmushin da ake yi wa mai tambayar da ba ta fanninsa ba. “Da sai in ce mai wayo ne. Mutanen yau in sun rubuta irin na da, kwaikwayo suke yi, kamar mai sa rigar kakansa ya ɗauki hoto. Akwai irinsu ɗaruruwa, ba zan tsallaka titi don in ji ɗaya ba. Wannan kuwa, kana ji ka san mutumin ya yarda da kowane ɗigo da ya rubuta. Ba shi da wani harshe sai wannan.”

“Amma sautin ɗaya ne. Kunnen ma ɗaya ne.”

“Sauti ba shi kaɗai ake ji ba, abokina.” Ya juya ga Abang Din. “A ina ka samo shi? Akwai taron masu busa a ƙasarmu watan Yuli. Na riga na yi musu magana. Suna son ka zo ka busa shi da kanka.”

Abang Din ya dubi Muttaka, ya dubi farantinsa.

“Zan binciko maka asalin,” ya ce.

Washegari a shago bai aika a kawo shayi ba. Ya rufe ƙofa ya juya allon da ke cewa an tafi salla.

“Zan ce a cikin akwatin wani tsohon ƙaho na tsince shi, wanda na saya a gwanjo. Kwafi ne, asalin ya ɓata. Ana samun haka.”

“Ƙarya ce, Abang.”

“Wa ya fara? Ni na ce a sa sunanka. Sau nawa na roƙe ka?”

“Ni cewa na yi a ɓoye. Ban ce a ba wani ba.”

“Wane wani? Babu kowa lah! Mataccen da ba a taɓa haifa ba. Ba ka son sunan, shi kuma ba zai ci da shi ba.” Ya zauna a kan kujerar aiki, ya ɗauki wani ƙaho da ɗan makaranta ya lotsa ya juya shi a hannu. “Shekarata hamsin da uku, Taka. Ashirin da biyar a cikinsu ina gyaran lotsattsun ƙahonnin 'ya'yan mutane. Ba a taɓa gayyata ta ko Ipoh da ke nan cikin ƙasarmu ba. Kuma ka ji abin da ya ce. Da sunanka, kiɗan nan ya mutu a ɗakin nan. Babu sunanka, za a busa shi bayan ni da kai mun zama ƙasa. Wanne kake so? Abin da nake roƙo shi ne abin da kake yi tun farko. Ka yi shiru.”

Nan ne sati ukun nan suka fara. Abin da ya fi ci wa Muttaka rai shi ne duk maganar Abang Din gaskiya ce. An ba shi abin da ya nema, cif. Alkawarinsa yana nan ba a taɓa shi ba, kiɗansa zai rayu, abokinsa zai hau jirgi. Me ya sa to yake jin kamar an binne shi da ransa, an kuma zo ana yabon kabarin?

A ƙarshen sati na uku, ranar Lahadi da rana, Khaulah tana falo tana kallon katun da Malayanci, ya tarar da Bashira a kicin tana yanka albasa. Ya janye buhun shinkafa ya fito da littattafan guda goma sha ɗaya ya ɗora a kan kantar kicin.

Ba ta ko juyo ba.

“Mayar da su, Abban Khaulah, za su sha mai.”

“Kin san mene ne?”

“Tun bara. Kana tsammani ban san nauyin buhun shinkafata ba?”

Ya ba ta labarin duka, daga shagon har farfesa. Ta saurara tana yanka, albasar ta wuce yadda miyar take buƙata.

“To me kake so in ce?”

“Ina so in je in faɗi gaskiya.”

“Gaskiya.” Ta ajiye wuƙar. “Wata goma sha huɗu kana ɓoye mini littafi a bayan abinci, yau ka tuna da gaskiya. Na yi shiru ne don ka ɓoye. Na ce ko ba komai yana jin kunyar Baba. Ɓoyewar nan ita ce ragowar girmansa a gidan nan. Yanzu ita ma kana so ka cire.”

“Ke mai bincike ce. In wani ya ƙirƙiro sakamako ya ce a lab ya samu, me kuke kiransa?”

“Kada ka kawo mini lab. Kai ma ka san ba don Baturen ya ruɗu kake kasa cin abinci ba. Don an yaba wa wani ne ba kai ba.”

Ya janye littattafan daga kusa da mai.

“Sunanka zai hau intanet,” ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa don kada yarinya ta ji. “Kafin magariba Abdulwahidu ya tura shi guruf. Kafin gari ya waye su Yaya sun gani a Kano. Wata biyu ya rage in kāre digirina. Ni za a kira, ba kai ba. Ni za a ce wa Baba ya faɗa.”

“Da yana da rai da na je na durƙusa na roƙe shi ya sake ni.”

“Amma ba shi da rai. Ni kuma ba ni na ɗaure ka ba, balle in kwance.” Ta ɗauki wuƙar. “In kiɗan yana da kyau kamar yadda suke faɗa, ka bar shi ya tafi. Mutane nawa suka yi abin kirki ba a san su ba?”

“Kina so ki ji shi? Yana cikin wayata.”

“A'a.”

Khaulah ta leƙo ƙofa ta tambaya da Malayanci ko abinci ya yi. Muttaka ya kwashe littattafansa.

Ranar Litinin ya kai yarinya makaranta, ya hau LRT da jakar leda a kan cinya. Farfesan zai tashi Laraba, kuma Muttaka ya san ƙarfe goma suna da zama da Abang Din a ofishin baƙi na kwalejin. Ya ƙwanƙwasa ya shiga. Abang Din ya ga jakar, fuskarsa ta sauka tun kafin a buɗe ta.

“Ni na rubuta shi, ranka ya daɗe.”

Farfesan ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya daina. Ya jawo littafi na farko. Ya ga kashi na ɗaya an fara shi sau shida an soke. Ya ga lissafin cefane a gefen shafi, tattasai da man gyaɗa. A littafi na bakwai ya ga kyanwar da Khaulah ta zana da jan fensir a kan layukan masu goge. Ya daɗe yana juya shafuka, wuyansa yana yin ja a hankali.

“Sauti huɗun nan fa?” ya tambaya.

“Wani tsoho ne mai tallar kananzir a unguwarmu.”

“Kananzir.”

“Na fitila.”

Farfesan ya rufe littafin ya jera su duka goma sha ɗaya, ya daidaita gefensu da tafin hannu, ya turo su gaba.

“Aiki ne mai kyau,” ya ce, da muryar da ake sallamar ɗalibi. “Da gaske. Kunnenka yana da kaifi. Yanzu da na sake dubawa, akwai wurare biyu ko uku a kashi na ƙarshe da ya kamata su sa ni shakka.” Ya juya ga Abang Din. “Ka gane dai, taron nan saboda tsohon abu suka kira ka. Zan rubuta musu yau.”

Abang Din ya miƙe. Ya ɗauki akwatin ƙahonsa, ya tsaya a gefen Muttaka ba tare da ya dube shi ba.

“Ka huta yanzu, Taka?”

Ya fita, ya ja ƙofar a hankali, irin jan da ya fi bugawa ciwo.

Farfesan ya duba agogo. Ya zaro kwafin takardar daga jakarsa, wanda ya yi sati uku yana yi wa alama da koren biro, ya ajiye a kan tebur.

“Dole in gyara abin da na rubuta a shafina. Layi biyu ne. Zan ce aikin wani mai rai ne a nan garin. In kana son a ambaci suna, rubuta mini a saman nan yadda ake rubuta shi. In ba ka so, ka bar shi. Yanzu kam duk ɗaya ne.”

Ya juya ga wayarsa.

Muttaka ya dubi kusurwar dama ta shafin farko, inda tsofaffin suke sa sunayensu. Fari fat. Ga ƙofa an buɗe masa wadda bai san da ita ba. An faɗi gaskiya, ƙarya ta mutu, ba a kuma ji sunansa a wajen kiɗa ba. Zai iya kwashe littattafansa ya koma Wangsa Maju ya ɗora tukunya, Bashira ta kāre digirinta lafiya, Malam ya ci gaba da kwanciyarsa. In gaskiya ce ta kawo shi, to ta gama aikinta, sai tafiya.

Bai tashi ba. Ya tuna albasar da Bashira ta yanka fiye da kima, ya ji maganarta ta dawo masa daidai yadda ta faɗe ta, ya kuma san ba ta yi kuskure ba. Ya kashe wa abokinsa tafiya, ya kashe wa kiɗansa rai, abin da ya rage a kan teburin bai fi faɗin yatsu biyu na farar takarda ba, kuma ba mai kallo.

Ya miƙa hannu ya ɗauki koren biron farfesan. Ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi, yadda ya kwafe tsofaffin: Muttaka Yusha'u, ɗan badujala, Wangsa Maju.